Alwatika mai ramuka daga layi 13 na Python: me ya hana ɗigo faɗawa tsakiya?

Mai Alli ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli. Python kuwa, wato yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, wata biyar ke nan da na fara koyonsa, da daddare, bayan na gama duba takardun yara.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Na ci karo da bayanin wani wasa mai sauƙi: ka sa kusurwa uku a takarda, ka ɗiga ɗigo a ko'ina tsakaninsu, ka zaɓi kusurwa ɗaya da ƙuri'a, ka matsa rabin tazarar da ke tsakaninka da ita, ka ɗiga sabon ɗigo. Daga wannan sabon ɗigon ka sake jefa ƙuri'a, ka sake matsawa rabi, haka dai har ka gaji. Na ce bari in rubuta shi da hannuna in ga abin da zai haifar:

```python
import random
import matplotlib.pyplot as plt
kusurwa = [(0, 0), (1, 0), (0.5, 0.866)]
x, y = 0.5, 0.3
xs, ys = [], []
for i in range(20000):
    a, b = random.choice(kusurwa)
    x, y = (x + a) / 2, (y + b) / 2
    xs.append(x)
    ys.append(y)
plt.scatter(xs, ys, s=1)
plt.axis("equal")
plt.show()
```

Kafin in danna, na riga na yanke hukunci a zuciyata cewa tarin ɗigo zan gani, kamar an watsa yashi a kan farar takarda, wataƙila ya fi duhu a tsakiya tunda kowace kusurwa tana ja ne zuwa ciki. Abin da ya fito sai da ya sa na gyara zama. Alwatika ce, amma tsakiyarta fari fat, wani rami mai siffar alwatika a kife. Alwatika ukun da suka rage a kusurwoyi kowacce da nata ramin a tsakiya, su ma 'ya'yansu haka, har inda idona ya iya kaiwa. Na sake kunna shi sau bakwai, na canza wurin farawa, na mayar da ɗigon dubu ɗari. Hoto ɗaya ne kullum, sai dai ya ƙara fitowa tas.

Na bincika na ga sunanta alwatikar Sierpinski, amma sanin sunan bai kashe mini ƙishirwa ba. Ruwa ba ya tsami banza. A cikin layukan nan 13 ban rubuta ko'ina cewa a guji tsakiya ba, zaɓen kusurwa kuma kan mai uwa da wabi ake yi. To wa ya hana ɗigo dubu ashirin faɗawa can? Sannan da na ƙara girman hoton na ga ɗigo uku ko huɗu zaune su kaɗai a cikin ƙananan ramukan, inda bai kamata a ga komai ba. Kuskurena ne a kod ɗin?

Akwai kuma wadda ta fi waɗannan damuna. Ina son in nuna wa ɗalibaina wannan abin, domin na gaji da ganin fuskokinsu idan na ce a fito da littafin lissafi. Amma ina tsoron su yi ta "kai, Malam!" na minti biyar, a kaɗa ƙararrawa, su fita ba abin da ya zauna musu. Minti arba'in nake da shi da kwamfuta ɗaya, tawa. Waɗanda suka taɓa gwada irin wannan a aji, yaya kuka yi hoton ya zama darasi?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kod ɗinka lafiya lau yake, ba kuskure ko ɗaya. Ƙuri'ar ce ta ɗauke maka hankali, ka ajiye ta gefe tukuna.

Ka daina bin ɗigo ɗaya. Ka ɗauki alwatikar baki ɗaya, da duk ɗigon da zai yiwu a cikinta, ka ce kowa ya matsa rabin hanya zuwa kusurwar hagu ta ƙasa. Ina za su taru? Wanda ke kan kusurwar bai motsa ba. Waɗanda ke kan sauran kusurwoyi biyun sun tsaya a tsakiyar gefuna. Wato babbar alwatika ta tsuke ta koma ƙaramar kwafinta, mai rabin tsawo, manne da wannan kusurwa. Haka in an zaɓi ta dama, haka in an zaɓi ta sama. Saboda haka bayan tsalle ɗaya tak, ko wace kusurwa ƙuri'a ta ba ka, kana cikin ɗaya daga ƙananan alwatika uku. Su ukun kuwa kashi uku cikin huɗu na filin suka rufe. Kashi na huɗun shi ne raminka. Ba wanda ya hana ɗigo zuwa can, hanyar ce babu.

Yanzu maimaita tunanin. Kafin tsalle na biyu, inda ɗigo zai iya kasancewa alwatika ce mai rami ɗaya. In ka tsuke ta zuwa kowace kusurwa, da raminta za ta tafi. Sai ka samu ƙanana tara, sannan 27, sannan 81. Kowane zagaye kashi uku cikin huɗu na filin baya ne ke saura. Bayan zagaye goma abin da ya rage bai kai kashi 6 cikin ɗari ba, in aka ci gaba kuma zuwa sifiri yake tafiya. Siffa ce da ke nan daram amma ba ta da faɗin fili ko kaɗan. Masanin lissafin nan na Polan, Sierpinski, ya bayyana ta a 1915, ba kwamfuta ba ƙuri'a. Kalmar firaktal da ake kiran irinta, wato siffar da ke maimaita kanta a ƙananan sassanta, Benoit Mandelbrot ne ya ƙirƙiro ta a 1975, wasan da ka buga kuma Michael Barnsley ne ya yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1980, ya ba shi suna mai ma'anar wasan hargitsi.

Ɗigon nan uku ko huɗu da ka gani, su ne suka fi burge ni a tambayarka, don mutane da yawa ba sa lura da su. Duba inda ka fara: 0.5 da 0.3, tsakiyar babban ramin ke nan. Tsalle na farko ya kai ka tsakiyar rami mai rabin girma, na biyu ya kai ka mai rubu'i, haka har abada. A lissafi na tsantsa, ɗigonka ba zai taɓa sauka kan siffar kanta ba, kullum yana cikin wani rami. Sai dai ramin yana raguwa da rabi kowane tsalle. Bayan tsalle goma ya zama ɗaya cikin 1,024 na girman farko, ya fi fiksel ɗaya na hotonka, wato ɗigo mafi ƙanƙanta da allo ke iya nunawa, ƙanƙanta, ido ya daina rabewa. In kana son hoto mai tsabta ka fara daga kan kusurwa, ko ka zubar da ɗigo ashirin na farko. Ni dai da ni ne da na bar su.

To mene ne aikin ƙuri'ar? Ga gwaji biyu, kuma ba zan faɗa maka amsa ba. Na farko, cire `random.choice` ka sa `kusurwa[i % 3]`, wato a bi kusurwoyin bi da bi. Na biyu, mayar da ƙuri'ar amma ka sa kusurwa huɗu na murabba'i. Kafin ka danna kowanne, rubuta a takarda abin da kake zaton zai fito, da dalilinka. Ka dawo ka ba mu labari.

'Yar Kod ta amsa:

Malam sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a jami'a, ban taɓa tsayawa gaban aji ba, amma ina da wani kod da zai iya yi maka amfani tunda kwamfuta ɗaya ce. Wannan ba ya buƙatar matplotlib, kayan zana hoton da ka yi amfani da shi a kod ɗinka, duk wayar da ke iya karanta Python za ta fitar da shi:

```python
layi = [1]
for n in range(32):
    print(" " * (32 - n) + " ".join("#" if k % 2 else " " for k in layi))
    layi = [1] + [layi[i] + layi[i + 1] for i in range(len(layi) - 1)] + [1]
```

Alwatikar Pascal ce da kuke koyarwa, kowace lamba jimillar biyun da ke samanta. Abin da na ƙara kawai, in lamba mara ce a buga #, in cika ce a bar gurbi. Siffar da ta hana ka barci ita ce za ta fito, ba ƙuri'a ko ɗaya a ciki. Yara ma za su iya yin layi goma sha shida na farko da fensir a takarda mai gidaje, kuma ba sai sun tara manyan lambobi ba: mara da mara cika, cika da cika cika, mara da cika mara. In ka ƙirga layukan daga sifiri, layi na 3, na 7, na 15 da na 31 duk mara ne daga farko har ƙarshe, shi ya sa na ƙarƙashinsu yake zama fanko sai bakinsa biyu, daga nan babban rami yake buɗewa. Wani abin da na ji daɗin sani, a Iran alwatikar Khayyam ake ce mata, a Sin ta Yang Hui, a Italiya ta Tartaglia, duk sun riga Pascal.

Game da tsoronka na cewa hoto zai burge ba a koyi komai ba, ni ya taɓa faruwa da ni. Na rubuta kod na jera 'ya'yan furen nan mai kallon rana: ɗigo na n yana nesa da tsakiya gwargwadon `sqrt(n)`, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da n, kuma kowane ɗigo ana juya shi digiri 137.5 daga na bayansa. Hoto ya fito da hannuwa masu murɗewa, kyakkyawa, har na tura wa ƙawayena. Bayan kwana biyu na gano ban sa `radians()` ba. Python a radiyan yake karɓar kusurwa, wani ma'auni ne daban da digiri, don haka 137.5 ɗin da na ba shi daidai yake da wajen digiri 318. Hoton da na yi ta alfahari da shi ba shi ne abin da na nufa ba, kuma kyansa ne ya hana ni dubawa. Da na san abin da ya kamata in gani, wato ɗigo a matse ba gibi, da nan take na gane.

Bayan na gyara sai na fara wasa da lambar. Digiri 135 yana ba da sanduna takwas miƙaƙƙu, don 135 uku cikin takwas ne na 360, bayan ɗigo takwas an dawo inda aka fara. Ita kanta 137.5 daidai take da 55 cikin 144 na zagaye, don haka in ka zuba ɗigo da yawa sosai sanduna 144 za su bayyana a waje. Ainihin kusurwar 137.5077 ce da 'yan kai, ba ta ƙarewa.

Mai Hujja ya amsa:

Malam, zan ɗan saɓa wa masu murna, ka yi haƙuri da ni. Shekaru ina koyar da 'yan aji ɗaya a jami'a, kuma babbar cutar da suke zuwa da ita ita ce "na gwada sau biyar ya yi, saboda haka gaskiya ne". Kwamfuta tana ƙara wa cutar nan ƙarfi, don tana ba su damar gwadawa sau dubu. Ana cewa gani ya kori ji. A lissafi gani ba ya korar hujja.

Ga misalin da nake ba su a makon farko. Sa ɗigo a bakin da'ira, ka haɗa kowane biyu da layi miƙaƙƙe, ka ƙirga yankuna nawa da'irar ta rabu. Ɗigo ɗaya yanki 1, biyu 2, uku 4, huɗu 8, biyar 16. Duk ajin zai rantse na shida 32 ne. Amsar 31 ce, na bakwai kuma 57. Ga wani tarko na musamman ga masu kod: hanya mafi sauƙi ta zuba ɗigo shida a da'ira ita ce a raba su daidai wa daida, in kuwa ka yi haka layi uku za su haɗu a cibiya, ƙaramin yankin tsakiya ya ɓace, ka ƙirga 30. Hoton da ka zana da kyau ya ba ka lambar da ba ita ake nema ba. Abin da ke warware maganar tunani ne: duk ɗigo huɗu suna ba da mahaɗa ɗaya a ciki, duk ɗigo biyu suna ba da layi ɗaya, kowanne yana ƙara yanki guda a kan na farko.

```python
from math import comb
print([comb(n, 4) + comb(n, 2) + 1 for n in range(1, 8)])
```

Haka n² + n + 41 na Euler: daga n = 0 har 39 kullum yana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Sau arba'in a jere. A 40 ya ba da 1,681, wato 41 sau 41.

Ba ina cewa kada ka nuna musu ba. Amma in ka nuna hoton aka tashi ba a yi bayanin da Injiniya ya yi ba, ka koya musu cewa lissafi sihiri ne da ke fitowa daga na'ura, wannan kuwa gara ba a yi ba.

Mai Alli ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru kwana shida don ina son in dawo da abin faɗa.

Baba Injiniya, na yi gwajin biyu kuma na rubuta zatona kafin kowanne kamar yadda ka ce. A na bi da bi na rubuta cewa siffar za ta fito amma a hankali. Ba haka aka yi ba: ɗigo dubu ashirin suka taru a wuri uku kacal, suna zagaye a tsakaninsu. Da na zauna da biro na ga dalili, tsalle uku a jere suna mayar da kowace tazara ɗaya cikin takwas, dole a ƙare a zagaye ɗaya, na ma fitar da wuraren, dukkansu kashi kaza cikin bakwai ne. Ashe siffar ta riga ta tabbata tun daga dokar rabi, aikin ƙuri'a shi ne ta kai ɗigo kowane lungu nata. A na murabba'i na fara rubuta "murabba'i mai ramuka", sai na tsaya, na yi irin tunaninka: ƙananan murabba'i huɗu masu rabin tsawo, ɗaya a kowace kusurwa, ai sun rufe babban gaba ɗaya. Na soke na rubuta "ba rami". Na danna, allo ya cika da ɗigo ko'ina, yashin da na yi zato tun ranar farko. Wallahi daɗin da na ji da wannan hoton marar ado ya fi wanda na ji ranar Asabar, don wannan na san shi kafin ya zo.

Shi ya sa na juya tsarin darasin. Ban buɗe kwamfutar ba sai a minti goma na ƙarshe. Na manna babbar takarda a allo da kusurwa uku, na zo da rula da ɗan ludo mai fuska shida: 1 da 2 kusurwar hagu, 3 da 4 ta dama, 5 da 6 ta sama. Na sa kowa ya rubuta a bayan littafinsa abin da yake zaton zai fito. Kusan duka "ɗigo ko'ina" suka rubuta, mutum biyu suka ce da'ira. Sai suka riƙa fitowa biyu-biyu, ɗaya ya jefa, ɗaya ya auna ya ɗiga. Aikin ya fi yadda na zata cin lokaci, aunawa da rula a tsaye ba sauƙi, mun samu ɗigo wajen hamsin ne kawai. Amma hamsin ɗin sun isa a ga tsakiya ba kowa.

Akwai wata yarinya da ke zama a layin baya kusa da taga, tun farkon zango ban ji muryarta a darasina ba. Ita ce ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in mun daɗe muna yi ai dole wani ya faɗa tsakiyar." Na kusa ba ta amsar Baba Injiniya, sai na danne. Na miƙa mata rula na ce, "Zo ki sa yatsa a tsakiyar. A ina mutum zai tsaya kafin ya yi tsalle ya sauka nan?" Ta tsaya jim. Ta ɗora rular daga kusurwar hagu zuwa yatsarta, ta auna, ta ninka tazarar gaba, bakin fensirinta ya sauka a wajen alwatikar. Ta gwada daga kusurwar dama, waje. Ta gwada daga ta sama, fensirin ya sauka can ƙasa da gindin alwatikar. Ta juyo, rular na hannunta, ta ce da ƙarfi, "Sai wanda yake waje! Mu kuma ba mai fita waje." Aji ya yi tsit, sannan wani yaro ya ce to ƙananan ramukan fa, ita da kanta ta amsa masa cewa wanda zai sauka a ƙaramin rami sai ya taso daga babban, babban kuwa ba kowa. Ni ban taɓa tunanin bin hanyar ta baya ba, kuma ina ganin ta fi ta gaba sauƙin kamawa ga yaro.

Sai a lokacin na buɗe kwamfutar. Na tambaye su ramuka nawa za mu gani masu girma na biyu, suka ce uku, na uku fa, suka ce tara. Na danna. Sun yi ihun da na yi tsammani, amma har da masu zuwa gaban allo suna ƙirgawa su tabbatar taran sun cika.

Dakta Mai Hujja, maganarka ta shige ni, kuma na ajiye misalin da'irar don mako mai zuwa, zan bar su su rantse a kan 32 tukuna. Inda na ɗan bambanta da kai shi ne, shekara goma sha ɗaya ina rubuta hujja a allo ga yaran da ba su taɓa jin buƙatarta ba. Yarinyar nan ta nemi hujja ne don farin wurin da ta gani a takarda ya dame ta. 'Yar Kod, na ba su na Pascal aikin gida a takarda mai gidaje ban faɗa musu abin da zai fito ba.

Yanzu ga sabuwar matsalata. Na gwada kusurwa biyar da wannan layin:

```python
from math import sin, cos, radians
kusurwa = [(cos(radians(90 + 72 * i)), sin(radians(90 + 72 * i))) for i in range(5)]
```

Na yi zaton ramuka masu tsabta irin na alwatika. Abin da na samu ɗan ƙaramin rami ne a cibiya, sauran duk ya cakuɗe, akwai alamar zane amma kamar an buga hoto a kan hoto. Ina ganin ƙananan kwafin biyar suna hawa kan juna ne don rabi ya yi musu girma. Na sauya layin tsallen zuwa `x, y = x + r * (a - x), y + r * (b - y)` don in riƙa canza r, wato kason tazarar da ake tsallakewa maimakon rabi. A 0.7 sun rabu sun yi nesa da juna, a 0.6 sun kusa daidai amma har yanzu suna ɗan shiga juna. Ba na son in yi ta lalube har in dace. Ta yaya zan lissafo r ɗin da zai sa su taɓa juna kawai?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Madalla da wannan yarinya, Malam, ka gaishe ta. Hanyarta hujja ce cikakkiya, Dakta ma ba zai ƙi ta ba.

Zatonka daidai ne. Ɗauki gefen ƙasa na siffar, ka ce tsawonsa 1. Ƙaramin kwafin da ke kusurwar hagu gindinsa s ne, amma ba gindin ne ke fara taɓa maƙwabci ba, kafaɗarsa ce, don gefen da ya tashi daga gindin yana karkata waje da digiri 72. Kafaɗar tana kaiwa s + s × cos 72°, wato s sau 1.309. Kwafin dama yana yin haka daga nasa ɓangaren, za su haɗu ne a tsakiya daidai, a 0.5. Raba 0.5 da 1.309, s ya zama 0.382. Girman kwafin ke nan, tsallen kuwa abin da ya rage ne, r = 0.618. Ka yi irin wannan lissafin da kanka ga kusurwa shida kafin ka taɓa kwamfuta, digirin karkatar ne kawai zai canza.

'Yar Kod ta amsa:

Baba, 0.382 ɗin nan na san shi. Na ninka shi da 360 yanzu a waya, ya ba ni 137.5, kusurwar furena. Na duba da cikakkun lambobin, `0.5 / (1 + cos(radians(72))) * 360`, ya fito 137.5077, har wurare huɗun da na sani sun dace. Dakta, na san dacewar lambobi ba hujja ba ce, shi ya sa na ɗauko takarda. Na fara da cos 72° = (√5 − 1) / 4, zan turo abin da na samu in na gama.